Kalma Ɗaya da Ta Rage a Bakin Yaya

Ranar da aka kai Yayana makwancinsa, tun maza ba su dawo daga maƙabarta ba tsakar gida ta cika da mata, har ba wurin taka ƙafa. Ina zaune bakin ƙofar ɗakinsa, kowacce ta shigo ta durƙusa ta ce, "Gwaggo, ya muka ji da haƙuri?" in ce da godiya. Mahautan Matameye kaf sun rufe rumfunansu, ranar duk mai son nama sai dai ya jira la'asar. Wata tsohuwar Bafillatana da ban san ta ba ta tako tun daga wajen Icirnawa, ta zauna ta yi kukanta ta tashi, ko ruwa ba ta sha ba. Duk na gani, ya kuma sanyaya mini rai.

Amma kunnena ɗaya ne ya yi nauyi, ɗayan lafiyarsa lau. Can gindin rumbu na ji wata ta ce, "Allah dai ya yafe masa abin da bakinsa ya faɗa." Ta kusa da ita ta ce, "Ai ba shi da alhaki. Hankalin ya daɗe da tafiya, gangar jiki ce kawai aka binne yau." Suka juya tare suka kalli jikarsa, ƴar shekara uku da ɗoriya, tana maƙale da zanen uwarta.

Ban tanka ba, don ba a daɗe da fita da shi ba. Na bari aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, baƙi suka watse. Sannan na kira ɗiyata mai koyarwa a lakwal, makarantar boko, na ce ta ɗauko alƙalami ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki. Ni ban yi boko ba, amma abin da na gani da idona ba wanda zai fi ni faɗarsa. Yarinyar nan za ta girma, wata rana wani zai ja ta gefe ya ce, kin san abin da kakanki ya kira ki? Ina so ranar ta tarar da amsa a ajiye.

Mu ƴaƴan mahauta ne. Yaya ya gaji wuƙa, ni na gaji tukunya. Tun ina amarya nake dafa kai da ƙafa ina sayarwa, kawunan da na fasa da hannun nan in aka jera su, sai sun kai Kance. Saboda haka in ana maganar abin da ke cikin ƙoƙon kai, kada a ce mini sai wanda ya je lakwal. In ka sa gatari ka raba ƙoƙon, abin da za ka fara tararwa tantani ne mai tauri kamar fatar jima. Ƙarƙashinsa akwai wani siriri kamar yanar gizo, da ɗan ruwa garai-garai. Sannan ita kanta ƙwaƙwalwar, ɓari biyu kamar goro, amma ta ƙasa farar gada ta haɗa su. Bayanta a nannaɗe, launin toka, cikinta fari. Can wajen ƙeya akwai wata ƙarama mai zane-zane sirara. Daga gindinsu kara ya fita ta wani rami ya shiga ƙashin wuya, shi ne laka, ta bi ƙashin baya har wutsiya, kowace gaɓa tana fitar da fararen zare hagu da dama.

Ni dai dafawa nake in sayar. Yaya shi ne mai tsayawa ya duba. In mutum ya ce wa laka ɓargo a gabansa, sai ya ajiye wuƙa. "Ɓargo mai ne na cikin ƙashi, a tsotse a yar. Laka ƙwaƙwalwa ce da ta yi doguwar tafiya." Kullum kuma yana ƙorafin wai Hausa ta yi rowa, abu uku ta ba suna ɗaya. Jijiya. Sai ya zaro su ya jera a kan kututture. "Wannan mai rami, hanyar jini ce. Wannan mai tauri, agara ce, ita ke jan ƙashi. Wannan fara kuwa, duba, ba rami, ba ƙarfi. Ba ta ɗaukar jini, ba ta jan kome. Manzo ce. Kai ya aike ta, ta kai wa tsoka, ta komo da labari." In naman bai huce ba sai ya tsikare ta da bakin wuƙa, tsokar ta yi tsalle, mai saye ya ja da baya yana salati, shi kuwa ya yi ta dariya har hular kansa ta faɗi.

Wata shekara wani bawan Allah daga Dungu ya janyo rago zuwa rumfarsa, ido jawur. Ragon ba ya tafiya gaba, sai kewaya yake ta hagu, ta hagu, kamar an ɗaure shi a turke. Mutumin ya rantse maƙwabcinsa ne ya yi wa dabbar asiri saboda rikicin iyakar gona, kuma yau sai ɗayansu ya kwana a hannun jandarma. Yaya ya kaɗa hannu kusa da idon ragon na hagu, ya ƙifta. Ya kaɗa a na dama, ko gezau. Ya ce, "Malam, in na yanka, na nuna maka wanda ya yi asirin, za ka bar maƙwabcinka?" Ya ce zai bari. Aka yanka, ya buɗe kan a hankali kamar mai fasa ƙwai, sai ga wata jaka cike da ruwa, girman ƙwan zabuwa, ta danne ɓarin hagu. Ya ce, "Ga maƙwabcin naka." Mutumin ya ce to ai idon dama ne ya mutu. Yaya ya ce, "Haka Allah ya yi abin a gicciye. Ɓarin hagu ke riƙe da dama, na dama ke riƙe da hagu." Na miƙa hannu zan ɗauki kan in kai tukunya, ya make ni. Ya haƙa rami mai zurfi ya binne shi, wai malamin dabbobi ya gaya masa in kare ya ci, ta kashinsa cutar ke komawa wa tumaki. Kwana biyu ban gaishe shi ba saboda kan nan.

Amma babban faɗanmu ba wannan ba ne. Bayan rasuwar mijina, ina cikin takaba, ya zo ya tarar ina riƙe da ƙirji. Maimakon ya yi shiru, sai ya ce wai zuciya ba ta tunani, tsoka ce mai tura jini, baƙin ciki a kai yake. Na ce, "Yaya, kai da ka san kome, in a kai yake, don me ƙirjina ke ciwo? Tashi ka bar mini ɗaki." Ya tashi. Kwana uku bai zo ba, na ce shi ke nan ya yi fushi. Rana ta huɗu sai ga shi da ƙunshin ganye. Ya buɗe, wani farin zare ne dogo, ya fi kamu biyu. Ashe duk san da aka kayar a kwanakin nan, sai ya zauna yana bin zaren nan da tsinin wuƙa, tun daga gindin ƙwaƙwalwa, ya gangara ta wuya, har inda ya rarrabu ya shiga zuciya da tumbi. Ya ce, "Auta, ke ma kina da gaskiya. Kai ne ke ji, amma ga igiyar da yake aiko wa ƙirji. Shi ya sa abinci ma ya ƙi shiga." Ya ajiye mini hanta gasassa, ya zauna har sai da na ci. Ta'aziyyar da ya iya ke nan, kuma duk cikin masu zuwa ba wadda ta kai ta shiga jikina.

Akwai abin da yaran yanzu ba su sani ba game da shi, kuma a nan maganar take. Yaya da ƙuruciya yana da wata kalma. In aka shigo da sa mai ƙiba kasuwa, sai ya dafa tozon ya ce, "Shege!" In ɗan dambe ya yi kaye mai kyau, "Shege!" Ranar da na fara dafa romo ya ɗanɗana, abin da ya ce ke nan, ya ƙara cokali. Kalmar jin daɗinsa ce. Da ya sauke farali ya dawo aka fara ce masa Alhaji, sai ya ce bakin da ya yi ɗawafi ba zai ƙara faɗarta ba. Ya kuwa riƙe. Shekara talatin, a cikin mahauta, inda zagi yake kamar gaisuwa, ba wanda ya ƙara jin ta a bakinsa. Ɗansa ma bai taɓa ji ba.

Ɗa namiji ɗaya gare shi. Kamar sauran samarin garinmu, da an gama girbi sai ya tafi cirani Kano, ruwan farko ya dawo da shi gona. Matarsa ƴar Kurni ce, yarinya mai kunya, cikinta na fari. Da damina ta haihu a nan gidan, ɗiya mace. Washegarin haihuwar, da hantsi, Yaya yana rumfa yana sara, sai wuƙa ta suɓuce daga hannunsa na dama. Ya sunkuya zai ɗauka, ya bi ta ƙasa. Da aka kawo shi gida baki ya karkace, hannun dama da ƙafar dama kamar ba nasa ba, magana kuwa ko a'a. Majo, babban ma'aikacin gidan likita, ya auna shi ya ce tansiyo ce ta hau, wato hawan jini, ya ba da magani, ya ce a kai shi Damagaram. Ɗan ya ce a bari a yi suna tukuna. Ya ɗauko wanzami aka jera ƙaho a hannun da ya mutu. Yaya yana ta fizgewa, yana buga gefen kansa na hagu da hannun hagu. Suka ce ciwon kai ke damunsa, a ɗaura masa lalle. Ni na gane. Na ce wa wanzamin, "Kwashe kayanka. Hannun nan lafiyarsa lau, mai aiken ne ya faɗi." Ko a kwance, Yaya ya fi su sanin inda ciwonsa yake.

Matarsa ta riga shi rasuwa, don haka na kwaso tabarmata na dawo gidan. Kwana shida bai ce uffan ba.

Ranar suna dangin mai jego suka zo daga Kurni, gida ya cika. Bayan an raɗa suna an yanka rago, uwar mai jegon ta ce a kai wa kaka jikarsa ya sa mata albarka. Aka jingine shi da bango, aka ɗora masa ita a hannun hagu. Ina tsaye a kansa. Na ga fuskarsa ta buɗe, rabin da ke motsi ya yi murmushi, hawaye ya zubo. Ya yi ta kokawa da bakinsa, wuya ya kumbura, kowa ya yi tsit don a ji albarkar. Sai ya ce, da ƙarfi, sarai, ba gargada:

"Shege!"

Wata ta saki kwanon da ke hannunta. Uwar mai jego ta fizge jaririyar. Yaya ya zaro ido, ya girgiza kai, ya sake buɗe baki don ya gyara, abin da ya sake fitowa ke nan. Sau uku.

Kafin la'asar magana ta gama gari. Matan da ba su iya ƙirga raka'ar sallarsu ba suka zama gwanayen ƙirga wata. Wai mijin ya tafi Kano da wuri a shekarar, wai wata goma ne. Wai tsohon ya san wani abu, baƙin cikinsa ne ma ya kayar da shi washegarin haihuwa. Ni da na raka yaron tasha da ƙafata na san wata tara ne da ƴan kwanaki, amma wa ya tambaye ni? Aka tafi da mai jego Kurni wankan gida, tana kuka ba sauti.

Na tare ɗan Yaya a zaure. Na ce, "Abin da aka haifa maka, mace ce ko namiji?"

Ya ce, "Mace, Gwaggo."

Na ce, "Ubanka ya shekara saba'in yana Hausa. Bai san shege da shegiya ba? In zagi ya nufa, da wanne zai faɗa?"

Na ba shi labarin sa mai tozo da romona. Ya daɗe yana tonon ƙasa da yatsa, sannan ya ce, "Gwaggo, na ji. Amma me ya sa kwana shida bai faɗe ta ba sai da ya ga ɗiyar? Kuma mutane sun ji."

Na ce, "To tashi ka nemo mota. Gobe Damagaram."

Can aka sa kan Yaya cikin wata na'ura, sikana suke ce mata. Likitan, saurayi ne mai haƙuri, ya ɗaga hoton a gaban fitila zai fara bayani. Na matsa na sa yatsa na ce, "Wannan ai ƙaramar ta ƙeya ce. Ga ɓari biyun nan. Wannan duhun na hagu fa, ba wurinsa ba ne." Ya sauke hoton ya dube ni. Ya ce, "Inna, a ina kika yi karatu?" Na ce, "A bakin murhu." Ya yi dariya har da tafi, sannan ya jawo mini kujera.

Ya ce wata jijiyar jini ce ta toshe, wurin da take shayarwa ya mutu, kamar fangalin lambu in aka datse masa ruwa. Ya ce a yawancin mutane wurin da ke ɗinka magana a ɓarin hagu yake, maƙwabcin wurin da ke motsa hannun dama, shi ya sa suka tafi tare. Amma wurin da ke fahimtar magana daban yake, yana ɗan baya, kuma na Yaya bai taɓu ba. Ya juya wajen ɗan ya ce, "Duk abin da kuke faɗa a gabansa yana ji, yana ganewa. Ya san abin da yake so ya ce, hanyar fita ce ta rushe." Na ga yaron ya sunkuyar da kai, don sati biyu ana maganar matarsa a kan tsohon kamar bango ne.

Na ce to kalmar fa? Ya ce yana ganin irin haka. Kalmomin da suke fita ba tare da an shirya su ba, irin na mamaki, ko zagi, ko abin da aka haddace, ko waƙa, ba duka ta hanya ɗaya suke bi ba, don haka sukan tsira. In ran mutum ya motsa ƙwarai, daɗi ko ɓacin rai, wadda ta rage ita ke faɗowa. Ya ce ƙwaƙwalwa takan buɗe sabuwar hanya in aka dage mata, amma ba zai yi mana alkawari ba. Yaya yana kan keken marasa lafiya yana gyaɗa kai kamar zai karye wuya.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ina! Arba'in ta wuce, ɗan ya kasa zuwa Kurni, kunya da shakka sun ɗaure shi. Na je da kaina na kwashe duk bayanin likita na gaya wa uban yarinyar. Dattijo ne mai mutunci, ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce, "Hajiya," ko da yake ban je Makka ba, girmamawa ce, "ban ƙaryata ki ba. Amma a gaban jama'a aka faɗa. Bakin da ya faɗa, shi zai janye. In ba haka ba, bayan girbi zan zo a ba ni takardar sakin ɗiyata." Na dawo na gaya wa Yaya kalma da kalma, ban rage ba. Ya dube ni, ya buga ƙirjinsa da hannun hagu, ya nuna bakinsa.

Mun fara da safe bayan koko. In ce, "Ce ji." Ya ce shege. "Ce ka." Shege. Sati biyu a haka. Wata rana ya jefe ni da moɗa, ruwa ya jiƙa mini zane, na tashi na ce, "Kai da halinka, na gaji." Ban kai ƙofa ba na ji yana buga tabarma. Na juyo, ya nuna inda nake zama. Na koma.

Abin da ya buɗe mana hanya salla ce. Yana yin ta a zaune. Ranar nan da azahar na matso kusa, sai na ji Fatiha tana fita daga bakinsa tiryan-tiryan, ba inda ya tsaya. Mutumin da ba ya iya cewa ruwa! Na tuna abin da likita ya ce na haddace da waƙa. Da ya sallame na zauna gabansa na ɗauko muryar tallan da muke yi muna yara, shi da tire a ka, ni ina bin sa a baya. Na ja: "Nama ya sauka, ga tsoka…" Sai ya ƙarasa: "…ga tozo!" Muka dubi juna. Ya yi dariya, na yi kuka, sannan muka musanya.

Daga nan na cire kalmomin tallan na sa namu a kan muryar. Kalma huɗu. Na kama hannunsa na hagu ina buga shi a gwiwarsa, kowace gaɓa bugu ɗaya. In muka ja tare, sai ta fita. In na sake shi, sai nama da tozo su dawo, ko waccan kalmar. Gero ya yi kai, ya nuna, aka yanke, aka ɗaure, mu muna nan kullum safiya. Maƙwabta suna jin mu ta katanga suka ce ciwon ya taɓa Gwaggo ita ma. Ban kula su ba. Shi kuwa wani lokaci har gumi ya jiƙa masa riga, in ce mu huta, ya riƙe mini hannu gam. Tun muna yara ban taɓa ganin ya yi aikin da ya kai wannan wuya ba, shi da ke kayar da sa shi kaɗai.

Dattijon Kurni ya cika maganarsa. Ya zo wata Laraba da hantsi, da ɗiyarsa da goyonta, don ta kwashe kayan ɗakinta. Ɗan Yaya kuwa ya riga ya ɗaure jakarsa ta Kano. Na aika aka kira liman. Yaya ya nuna akwati, na ciro masa babbar rigarsa da hular da yake zuwa Idi da ita. Aka zo ɗaukarsa, ya ture hannu. Da sanda ya tafi, yana jan ƙafa, daga ɗaki zuwa zaure, tafiyar da ba ta fi taku ashirin ba, sai da ya tsaya sau uku. Ni mace ce, na tsaya bayan ƙyaure ta ciki, ina leƙe.

Ya zauna ya nuna cikin gida, ya yi alamar goyo. Dattijon ya ce, "A'a, Alhaji, kada a sake." Liman ya ce, "A kawo ta." Na karɓo ta daga hannun uwar na miƙa, aka ɗora masa. Ta yi wayo lokacin, ta kama gemunsa. Ya ja numfashi. Na ga leɓensa yana rawa, na ga ya cije, ya sake ja. Zuciyata ta ce, wayyo, daɗi ya yi masa yawa. Ya buɗe baki.

"Shege!"

Dattijon ya miƙe ya fara laluben takalminsa. Ɗan ya rufe fuska da hannu biyu. Liman ya ce, "Innalillahi."

Ni kuwa na ce yau ko za a ce tsohuwa ta haukace, sai dai a ce. Na buɗe murya daga bayan ƙyaure, irin ta tsakiyar kasuwa, na ja muryar tallan ba kalma, ina buga ƙyauren da tafin hannu. Maza suka waiwayo. Yaya bai waiwayo ba. Hannunsa yana riƙe da yarinya, sai na ga yana buga diddigen hagu a ƙasa. Na kai ƙarshe na sake ɗaukowa. A na biyun ya shigo, ni na yi shiru na bar shi shi kaɗai:

"Jikata ce, jinina ce!"

Ya sake, yana kallon ɗansa. Ya sake na uku yana kallon dattijon, da muryar da ake jin ta har bakin titi, irin wadda ya sayar da nama da ita shekara hamsin.

Dattijon yana tsaye da takalmi ɗaya a ƙafa. Sannan ya ce, "Alhaji, in talla kake, wannan ba ta sayarwa ba ce." Liman ya fashe da dariya yana share ido, ya ce, "Na ji da kunnena, kuma zan faɗa a masallaci." Ɗan ya rarrafa ya durƙusa gaban surukinsa. Dattijon ya ce, "Ba ni za ka ba haƙuri ba. Tana ciki." Ya tashi ya shiga. Ina jin sa daga inda nake yana kwance igiyar da aka ɗaure kwanoninta. Shekarar sai da sanyi ya wuce sannan ya tafi Kano.

Yaya ya ƙara shekara uku a duniya. Hannun bai dawo ba. Kalmomi sun dawo kaɗan-kaɗan, ba su fi a ƙirga da yatsun hannu da na ƙafa ba, kowacce sai da muka yi mata gumi. Wanda ya iya wannan aiki, da rabin jiki, don ya wanke ɗiyar mutane da jikarsa, shi ne za a ce ba shi da hankali? Yana nan daram a cikin kansa har numfashin ƙarshe. Ni na zauna da shi, ni na sani, kuma duk mai wata magana ya zo ya same ni tun ina da rai.

Ya Allah, kai ka halicci bakin, kai ka san abin da ya so faɗa duk ranar da ya kasa. Ka rubuta masa wannan, ka bar wancan. Ka yalwata masa kabarinsa, ka sake masa harshe ranar tambaya.